Giwar Kawu Jatau

Tun ranar da na dawo ban huta ba. A ofishin malamai tambaya, a ƙofar masallacin Unguwar Hajji tambaya, har mai shayin tashar Ƙaraye sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai miƙo ba sai na gaya masa ko zaki ya biyo mu. Na gaji da maimaitawa, ga shi har yau kumburin ƙafata bai saɓe ba. To ga labarin na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha iska.

Da farko dai a daina cewa yawon buɗe ido na tafi. Malamin firamare a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, ina shi ina yawon buɗe ido? Kawuna na kai. Kawu Jatau yayan mahaifiyata ne, shi ne Sarkin Bakan ƙauyensu can bayan Rogo. Ya fi shekara hamsin yana farauta, babu naman da bai kayar ba a dajin nan namu, amma bai taɓa ɗora ido a kan giwa ba. Mahaifinsa kuwa da ƙuruciya ya bi fatake har ƙasar Kamaru, ya harbe giwa a gindin duwatsun Waza. Saboda haka duk kirarin gidansu na giwa ne. Maroƙa su yi ta zuba masa shi a wurin biki, shi kuma ya yi ta sunkuyar da kai.

Shekara uku da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya aika aka kira ni, ya ce, “Isiyaku, kai ne mai boko a zuriyar nan. Tun ina ɗan gani, ka kai ni in ga abin da ake yi mini kirari da shi.”

Na ce, “An gama, Kawu. Bana in Allah ya yarda.”

Bana ta zama baɗi. Shekarar farko na ce rufin ɗakina, ta biyu na ce maiɗakina ta haihu. Da kunya ta ishe ni na ce ya zo mu je gidan zu na Kano, ya ce shi ba ya zuwa gaida ɗan kurkuku. Na ce to Yankari, ga ta nan kusa. Ya ce, “Uban nawa a Bauchi ya harbe ta?” Sai bana, da aka sayar da gyaɗa kuma muka sami hutun ƙarshen shekara, na je na ce ya shirya. Ya ce mu bari sai bazara, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a tafki ɗaya. Na yi masa dariya irin ta ’yan boko, na ce, “Kawu, can ba dajin Rogo ba ne, gandun gwamnati ne, dabbobin a jere suke.” Ya ce to. Ina jin tsoro ya ji kada bazarar ma ta zama baɗi.

Rigimarmu ta farko a kan bindiga muka yi. Ya fito da rigar farauta mai layu, ga bindigarsa harba-ka-ruga a kafaɗa. Sai da na haɗa shi da Allah da Annabi, na kira limamin garin ya sa baki, sannan ya jingine ta a bayan ƙofa yana ƙunƙuni, wai maharbi ya shiga daji hannu rabbana kamar mai zuwa ɗaurin aure. Burgamensa kuwa ban bincika ba.

Daga Rogo zuwa Ƙaraye babur biyu muka hau. Daga Ƙaraye muka shiga bas zuwa Kano, mu da buhunan barkono, muka yi ta atishawa har Kabuga. Washegari da sassafe muka kama hanyar Maiduguri a wata ƙaramar mota da aka cusa mu mu huɗu a kujerar baya. Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba kada ya yi mini maganar nisa. Wudil, Azare, Fataskum, Damaturu, ko’ina ka duba fili ne iri ɗaya, ka yi gyangyaɗi ka farka ka ga kamar motar ba ta motsa ba. Taya ta fashe mana sau biyu. A Fataskum muka tsaya cin abinci, na sayo shinkafa da wake a kwano ɗaya. Na lura Kawu ya kai hannu gefen kwanon ya damƙi tabarma, sannan ya lalubo bakin kwanon. Na ce a raina gajiya ce.

A Maiduguri muka sauka a gidan wani ɗan garinmu mai sayar da goro. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo burabusko da miyar kuka mai kifi, amma sauron garin ma ya karɓe mu hannu bibbiyu. Da safe fuskata ta yi kamar an watsa mata gero. Muka wuce Bama, daga nan sai Banki, bakin iyaka.

Banki gari ne da ba ka sanin inda Nijeriya ta ƙare, Kamaru ta fara. Wani ƙarfe ne kawai aka gitta a hanya, awaki suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba mai tambayarsu takarda. Namu jami’an suka duba takardunmu da katin rigakafi, suka tambayi Kawu ko zai kawo musu tsarabar hauren giwa, aka yi dariya muka wuce. A ɗaya ɓangaren ne wani jandarma dogo, wato ɗan sandansu, ya zazzage burgamen Kawu a kan tebur. Ga layu, ga guru, ga ƙahon busa, ga wutsiyar wata dabba. Can ƙasa sai ga wani ɗan gora an toshe bakinsa da tsumma. Jandarma ya buɗe ya shinshina, fuskarsa ta canza. Albarushi ne.

Ya fara zuba Faransanci kamar ruwan sama a kan kwano. Ni da nake taƙama da boko, na yi Turanci, na yi Hausa, har ɗan Larabcin allo na jarraba, babu wanda ya shiga. Aka zaunar da mu a benci tun hantsi har bayan la’asar. Na juya na ce, “Kawu, me ya kai ka? Ba mun yi da kai ba?”

Ya ce, “Bindiga ka ce in bari, na bari. Wannan ai magani ne. Ban taɓa shiga baƙon daji ban lasa ba, ubana ma haka.”

Allah ya jefo mana wata Hajiya Falmata, Babarbariya mai fataucin atamfa, wadda duk ma’aikatan wurin suka sani. Ta ji abin da ya faru, ta riƙe haɓa ta ce, “Baba, da girmanka?” Ta shiga ta yi ta magana da su. Can ta fito ta ce jandarma ya ce in magani ne ya sha a gani. Kawu ya zuba a tafin hannu ya lashe tas, ya kora da ruwa. Jandarma ya yi ta dariya har da buga tebur, ya kira abokansa aka sa Kawu ya sake. Duk da haka sai da suka juye sauran a kwata. Kwana uku na ware wa gandun, ɗaya ya tafi a kan bencin nan.

Hajiya Falmata ce ta canza mana kuɗi zuwa sefa, ta sa mu a motar Mora, ta kuma ba mu sunan wani mai shago a Waza da za mu sauka wurinsa. Ban san da bakin da zan gode wa matar nan ba.

Mutanen can suna da abubuwan mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa cire wa Kawu haƙorin da ya rage masa. Da rana ta take sai kowa ya rufe shago ya tafi barci, ko da kuɗi a hannunka sai ka jira. Mata suna tuƙa babur, ba mai ko waiwayensu. Tuwonsu na jar dawa ne da miyar yakuwa mai tsami, Kawu ya ci ya ce ba laifi, amma mai miyar ba ta san daddawa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masaukin Turawa da ke kan dutse a Waza. Bukkoki ne zagayayyu masu rufin ciyawa, irin waɗanda muke rushewa a Ƙaraye muna sa kwano don kada a ce ba mu waye ba. Kuɗin kwana ɗaya a ciki kuwa, da na ji shi sai na ja hannun Kawu muka gangaro. A zauren mai shagon nan muka shimfiɗa tabarma, tsakanin buhunan albasa.

Da safe na sake cin karo da jahilcina. Na ɗauka kamar gidan zu ne, ka yanki tikiti ka shiga da ƙafarka. Ashe ba a shiga sai da mota, kuma sai da ɗan jagora. Muka koma gari muka yi ta ciniki da wani mai a-kori-kura da ke dakon albasa, har rana ta yi sama kafin ya yarda. A ƙofar gandun aka haɗa mu da jagora, wani Bafillace siriri mai suna Hamadu, wanda ya taɓa zama a Mubi, Hausarsa ba laifi. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya girgiza kai.

“Giwa yanzu? Malam, da kun bari sai bazara. Yanzu ruwa ko’ina, ciyawa ta fi mota tsawo.”

Kawu ya gyara zaman hularsa kawai. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Muka tsaya a bayan motar muna riƙe da ƙarfe, rana tana dukanmu, ƙudaje suna bin mu, ciyawa tana marin fuska. Hagu ciyawa, dama ciyawa. Awa biyu ba mu ga komai ba sai zabi, garke-garke, suna tafiya a gaban mota ba ko tsoro. Kawu da ya ji kukansu ya haɗiye yawu ya ce wannan ƙasa an yi asarar miya. Muka haɗu da wata mota cike da Turawa, tsofaffi da gajeren wando, jajur da su, sun tsaya suna ɗaukar hoton wani tsuntsu da yaran Rogo ba za su ɓata dutsen danƙo a kansa ba.

Wajen azahar muka fita wani fili, sai ga raƙuman dawa guda biyar a hannun dama, kusa ƙwarai, suna cin ganyen ƙaya. Duk gajiyata sai da na ce Allahu Akbar. Na ce, “Kawu, ga raƙumin dawa!”

Ya ce, “Masha Allah, masha Allah. Kai, dubi tsawo!”

Na juya in ga fuskarsa. Hagu yake kallo, inda babu komai sai wani busasshen itace. Nan na gane. Hamadu ma ya gani, ya kawar da kai. Ashe tun daga gida mutumin nan ɓoye mini yake yi, yana bin sautin takalmina, yana riƙe gefen rigata a tasha kamar don cunkoso. Ranar mun ga jimina, mun ga gwanki da barewa, duk wanda na nuna sai ya ce masha Allah. Daga baya na daina nunawa.

Da muka koma masauki bayan magariba na ce, “Kawu, tsakaninka da Allah, me kake gani?”

Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, “Da hantsi, in abu babba ne kuma yana kusa, ina ganin inuwarsa. Giwa ai babba ce, Isiyaku.”

Washegari ita ce ranarmu ta ƙarshe. Guzuri ya kusa ƙarewa, makaranta kuma tana jirana. Muka shiga tun da sanyin safiya. Hamadu ya ce za mu nufi wani tafki a yamma inda aka ga sawun giwaye makon jiya. Mun yi tafiyar kusan awa guda sai Kawu ya buga rufin motar da tafin hannu.

“A tsaya.”

Hamadu ya ce, “Baba, ba a sauka a nan.”

“Yaro, na ce a tsaya. Akwai wari.”

Ni ban ji warin komai ba sai na man mota da albasa. Hamadu ya duba gabas da yamma, ya ce to minti biyu, kuma kada a bar kan hanya. Na riƙe Kawu ya sauko. Ya yi ta buɗa hanci, ya ja ni kamar shi ne mai idon, har bakin hanya inda muka tarar da wani tulin kashi, curi-curi kamar an kifa ƙwarya. Ya tsuguna ya tura hannu ciki har wuyan hannu. Ya lalubo wani reshen ƙaya da aka karya, ya shafa wurin karayar, ya kai yatsa baki. Sannan ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya ji inda iska take.

Ya ce, “Da ɗuminsa. Itacen ma bai daina zubar da ruwa ba. Gabas suka yi, kuma da ’ya’ya, don ga ƙanana nan. In muka bi ta yamma iska za ta kai musu warinmu. A zagaya ta kudu.”

Hamadu ya ce shi shekararsa tara a dajin nan. Kawu ya ce shi kuma bai taɓa zuwa ba, amma wanda ya koya masa ya riga kakan Hamadu zuwa. Suka ɗan yi ja-in-ja. Hamadu ya tsuguna shi ma ya taɓa kashin, ya miƙe ya ce wa direba ya juya.

Muka bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye, ƙaya tana yagar mana riga. Can Hamadu ya sa aka kashe mota. Shiru. Sai na ji ƙarar karyewar itace, ƙas, ƙas, da wani irin gurnani mai zurfi da na ji shi a ƙirjina kafin kunnena. Ciyawa ta buɗe, suka fito. Na ƙirga goma sha ɗaya na bari. Wata babba ta tsaya a gaba, tsakaninmu da ita bai fi daga ajinmu zuwa ofishin hedimasta ba, tana kaɗa kunnuwa tana kallonmu.

Kawu ya damƙe hannuna. Ya ce a hankali, “Ina take?”

Na kama kansa da hannu biyu na juya shi saitinta. Na ce, “Ga ta nan, Kawu. Gabanka sak.”

Ya ware ido iya ƙarfinsa. Ya murza su da bakin riga ya sake warewa. Ya rufe na hagu, ya gwada na dama. Hawaye yana zuba, ban san ko na ƙoƙarin ne ko na wani abu ba. Ya daɗe a haka.

Na ce, “Ka gan ta?”

Ya ce, “Ina jin numfashinta.”

“Amma ka gan ta?”

“Duhu ne, Isiyaku. Duhu a cikin duhu. Ban san wanne ne ita, wanne ne itace ba.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Rufin ɗakin da na fifita ma tuni ya fara yoyo.

Ya gyara tsayuwa, ya cire hularsa. A al’adarsu maharbi ba ya haɗuwa da babban nama bai gaishe shi ba. Ya fara kirarin gidansu, Hamadu ya ɗora yatsa a baki, sai ya mayar da shi raɗa, leɓensa kawai ke motsi, har ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, “To gaya mini. Kada ka rage komai.”

Ni da nake wuni ina surutu a gaban yara, sai baki ya mutu. Na yi ta kame-kame. Na ce tsayinta ya kai rumbun gidansa har da jinka. Na ce fatarta kamar ƙasan tafki in ya bushe ya tsattsage. Kunnenta kamar faifai, amma faifan da zai rufe ƙofar zaure, gefensa a yayyage. Hauren hagu ya karye daga tsakiya. Idonta ƙarami, mai gashi, kamar na tsohuwar da ta gaji da jikoki. Ga ɗa yana shiga tsakanin ƙafafunta. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, “Sai me? Sai me?” har suka juya suka shige ciyawa, ƙarar ta yi nisa.

Hamadu ya ƙi karɓar ɗan abin da na miƙa masa a ƙofa. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce a sa masa albarka.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar nan ce dai, bencin nan, sauron nan, taya ta sake fashewa a wajen Damaturu. Kwana uku muna tafe, Kawu bai yi mini ƙorafi ko sau ɗaya ba, abin da ya fi damuna ke nan. A Azare na daure na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ka kai ni ai. Sayo mana ruwa.”

Da muka isa ƙauye maharba suka taru da ganguna, aka yi ta harba bindiga sama. Ina tsammanin zai ce ya gani, don babu wanda zai ƙaryata shi, ni kuwa ko da wuƙa a wuya ba zan tona ba. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Na je, na taɓa kashinta da ɗumi, na ji numfashinta, na gaishe ta. Amma ban gan ta ba. Allah bai nufa ba.” Ya shige gida.

Yanzu duk ranar Juma’a in an sauko daga masallaci nakan hau babur in tafi can bayan Rogo, ko na gaji ko ban gaji ba. Ya sa a shimfiɗa mana buzu a ƙofar gida, ya ce in sake faɗa masa tun daga lokacin da ciyawa ta buɗe. Juma’ar da ta wuce ina cikin bayani na ce hauren dama ne ya karye. Ya ɗaga kai da sauri.

“Na hagu ka ce mini, Isiyaku. Ka tuna da kyau, ni ba ni da wata sai wadda ka ba ni.”

Na ce na hagu ne, Kawu. Amma duk hanyar dawowa Ƙaraye ina ta ƙoƙarin tunawa, kuma har na iso gida ban tabbatar ba.